Sakatariya Ta Rasu, Ta Bar Kifi Mai Tabo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su gama bushewa ba, ni Auta, a madadin mahaifina da yayana da kowace ƙofa da durowa ta gidanmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar firintarmu ta buga sitika, wadda aka fi sani da Sakatariya. Rai ya yi halinsa ne da hantsi, a kan teburinta na ɗakin baya, kusa da taga, bayan doguwar jinya. Ta cika tana bakin aiki, da rabin sitika maƙale a bakinta.

Na san wasu za su karanta wannan sanarwa su yi dariya, kuma ban hana ba. Yaya ma da na faɗa masa a waya dariyar ya fara yi, sai da ya ji muryata sannan ya haɗiye sauran. Abin da nake roƙo kawai shi ne a karanta har ƙarshe, don a san irin rashin da aka yi mana.

Marigayiya ba a gidanmu aka haife ta ba. Ta hannu ce. Mamanmu, Allah ya jiƙanta, ita ta sayo ta daga wani shago da ke rufewa, ta rungumo ta a kwali tare da wayoyinta da faifan manhajarta. A lokacin Mama na haɗa sabulu da man shafawa a ɗakin baya, tana rubuta sunan kowane kaya da biro a 'yar takarda ta manna da gam. Kafin kaya ya kai hannun mai saye maiƙo ya cinye rubutun, har wata mata ta taɓa wanke kanta da man ƙafa. Ranar da matar ta zo ta gama zazzaga masifarta, Mama ta ce ita ma daga yau za ta ɗauki sakatariya. Sunan da ya bi marigayiya ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Mama ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Da hannu biyu ta kama shi, ni da Yaya muna bayanta muna ƙyalƙyala dariya, sai ta kore mu ta turo ƙofa. Ita kaɗai ta zauna ta lalubo inda ake zaɓen faɗi da tsawon sitika, ta zaɓi rubutu mafi kauri don masu raunin ido, ta zagaye shi da layi biyu. Tana dab da gamawa hannunta ya zame ya taɓa wurin hotuna, sai ga wani ɗan kifi ya faɗo tsakiyar sitikar. Ta yi ta yi ta cire shi, ya ƙi. Ta ja shi ya kumbura, ta sake ja ya kifa da ciki sama. Da ƙyar ta lallaɓa shi ya koma ƙarami, ta tura shi kusurwar ƙasa ta dama. Ta kira mu mu taimaka kuwa, bayan dariyar da muka yi mata, wannan ba ya cikin halin Mama. Ta adana shi a haka.

Daga ranar ba ta sake fara sitika daga farko ba. Duk sabon kayan da ta haɗa, tsohuwar sitikar sabulu take buɗewa, ta goge kalmomin ta rubuta wasu, kifi na nan a kusurwarsa yana kallon kowa. Haka ya hau man gashi, ya hau man kaushi, ya hau turaren kaya. Masu saye suka daina kiran sunan kaya, sai dai su ce a ba su mai kifin nan. Baba, wanda mai gyaran agogo ne kuma ba ya barin abu ya wuce bai tanka ba, ya tambaye ta ina haɗin sabulu da kifi.

Ta ce, "Duka biyun a ruwa suke aiki, Malam. Kai dai ka ji da agogunanka."

Akwai kuma tabon. Wata rana sitika ta naɗe a cikin marigayiya, Mama ta sa bakin almakashi ta ciro ta, ta karce kan da ke yin rubutun. Tun daga nan duk abin da Sakatariya ta buga sai wani siririn farin layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa, ya yanke kifin a bayan kai. Baba ya buɗe ta, ya ɗora gilashinsa na aiki a ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe. Ya ce wannan ba mai gyaruwa ba ne, ta bar shi kawai, ya zama sa hannunta.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai yi mata shaidar alheri. Ba ta taɓa shan ko ɗigon tawada ba, da zafin jikinta take rubutu. Ba ta da ƙyashin aiki, ba ta zaɓen kalma, ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa aka tashe ta ba. Idan an kunna ta sai ta yi ƙirrr, ta gyara murya. Idan aiki ya zo ta yi zirrr-zirrr, ta turo harshe waje, a yage a ji tas. In takarda ta ƙare mata, ɗit-ɗit kawai take cewa ta kunna jar fitila, ba ta ƙara ko kalma. Aibinta ɗaya da ba zan ɓoye ba, tun da ba a yi wa mamaci ƙarya, shi ne almubazzaranci: kullum sai ta fara tofo farar sitika babu komai a jiki kafin ta yi ta gaske. Mama ta yi mata faɗa shekara da shekaru ba ta daina ba.

Da Mama ta rasu, na lulluɓe Sakatariya da tsohon zanen aikinta, na rufe ɗakin baya. Na ɗauka aikinta ya ƙare ke nan. Ashe babban aikinta yana gaba.

Mantuwa ta fara kama Baba a hankali. Cokali a cikin takalmi, makulli a cikin firji, irin abin da za a yi dariya a wuce. Sai ranar da na same shi tsaye a tsakiyar lungun ɗakuna, yana buɗe wannan ƙofa yana rufe waccan, banɗaki yake nema a gidan da ya gina da guminsa. Kunyar da na gani a fuskarsa ba na fatan in sake ganin irinta. Likita ya ce a rubuta sunan komai a manna. Na sayo alƙalamin maka mai kaurin rubutu da farar takarda na bi gida ina rubutawa, kafin azahar ya yage su duka ya tara mini a kan kujera. Ciwon ya zo masa da zargi, ga shi dama mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bambance na gaske da jabu. Ya ce wane mara kunya ne ke bin gidan mutane yana rubuce-rubuce a bango.

Rasa yadda zan yi ne ya kai ni ɗakin baya. Na yaye zanen, na kunna tsohuwar kwamfutar Mama, na buɗe sitikar sabulu kamar yadda ta saba, na goge Sabulun Wanka na rubuta Banɗaki. Marigayiya ta yi ƙirrr, ta yi zirrr-zirrr, kamar jiya aka kashe ta. Daga falo na ji muryar Baba, sakayau, irin ta da.

"Mamanku ta fara aiki."

Na kai sitikar na manna a ƙofar. Ya zo ya karanta, ya sa ɗan yatsa ya shafa kifin daidai inda layin ya yanke shi, ya gyaɗa kai ya shiga. Bai yage ta ba, kuma tana nan har yau.

Daga nan ni da Sakatariya muka bi gidan nan kaf. Ɗakinka. Kicin. Riguna. Magani, sai Auta ta ba ka. Na koyi aikin da kuskure, kamar yadda Mama ta koya. Na gane kalma ɗaya ko biyu sun fi dogon bayani, kibiya rikita shi take yi, ƙaramin rubutu kuma ɓata masa rai. Wadda na manna a butar shayi ta yi baƙi ƙirin tun tafasar farko, don na manta takardar zafi take ji. Waɗanda ke fuskantar taga rana na cin su a hankali, sai in sake bugawa. A ƙofar fita na sa wadda ta fi kowace tsawo: Kada ka fita, shayi na zuwa. Mutumin da a da ba a iya tsare shi a gida sai ya karanta, ya duba kifi, ya koma ya zauna yana jiran shayi. Tun Mama tana raye ma bai cika tsallake maganarta ba, balle yanzu da take zuwa masa a rubuce.

Wasu za su tambaya ko bai san Mama ta rasu ba. An faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Duk ranar da aka faɗa masa sabuwar mutuwa ce a wurinsa, ya yi kuka ya ƙi abinci, gobe ya sake tambaya. Sai muka daina. Marigayiya ce ta ɗauke mana wannan nauyin, don muddin ya ji zirrr-zirrr daga ɗakin baya, ba ya tambayar inda matarsa take.

Sannan aka wayi gari wata rana na kai masa shayi, ya ɗago ya dube ni da ladabi, irin kallon da yake yi wa wanda ya kawo agogo gyara. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?" Na ajiye kofin ban san na ajiye ba. Na tafi ɗakin baya, na buɗe sitikar sabulu, na rubuta Auta ce, 'yarka. Na manna a ƙirjin rigata na koma. Ya karanta. Ya dubi kifin, ya dubi fuskata, ya sake duban kifin.

"Auta! Ina kika shiga tun ɗazu? Wata baƙuwa ta zo nan ta tafi."

Wannan shi ne aikin da marigayiya ta riƙe har ta koma. Sitika ba ta kwana a jikin tufafi, gumi da tururin kicin suna ɗaga ta kafin yamma, don haka kowace safiya sai an buga sabuwa. Kowace safiya Baba ya ji matarsa ta tashi aiki, jim kaɗan 'yarsa ta shigo da shaida a ƙirji. Da wannan ƙaramar na'ura mai tabo nake samun uba kullum, shi kuma yake samun iyali.

Ciwon ajalinta ya faro ne da dusashewar rubutu. Baƙin ya koma toka-toka, sai na buga sau biyu kafin a samu mai karantuwa. Daga baya muryarta ta sauya, zirrr ɗin nan mai daɗi ya koma gurr-gurr, tana jan takarda tana tsayawa tana nishi. Na goge mata kai da auduga, na hure mata ƙura, na sauya mata waya. Mai gyara ya zo har gida, mutumin kirki, ya kwance ta a kan tawul ya jera ƙusoshinta a murfin kwalba. Ya nuna mini haƙoran da ke jan takarda sun cinye, kan rubutun kuma ya ƙone fiye da rabi. Ya ce an daɗe da daina yin kayan irinta.

Na ce ko a jikin wata matacciya ba za a samu ba?

Ya ce, "Anti, ko na samo miki sabon kai, layin nan da kike so ba zai fito ba. Ciwon ne ke yin layin. In ta warke, ya tafi."

Ya mayar da ita yadda take, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in lallaɓa ta. Na so in tara sitikun ƙirji da yawa tun tana da sauran numfashi, amma a cikin duk abin da ta yi ta turowa, 'yan kaɗan ne suka fito da kifinsu da tabonsu a sarari. Ranar ƙarshe ta yi ƙirrr kamar kullum, har na ji daɗi. Ta tofo farar sitikarta ta almubazzaranci, ta fara ta gasken, ta kai rabi ta tsaya. Jar fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta ta mutu. Ko ɗit ɗin ba ta samu ta ce ba.

Yaya, Allah ya saka masa, bai yi ƙasa a gwiwa ba. Cikin 'yan kwanaki ya aiko da sabuwar firinta, fara sol, daga waya ake ba ta umarni. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, baƙuwa ce mai ladabi, amma ba ta da murya. Sai ka ga sitika ta fito ba ka ji fitowarta ba. Manhajarta ba ta san fayil ɗin Mama ba, ta ƙi ko buɗe shi. Tana da kifaye iri-iri, mai murmushi, mai kumfa a baki, mai ƙaya, babu namu a ciki. Sai na ɗauki hoton tsohuwar sitika, na yanko kifin, na zaunar da shi a kusurwarsa. Na nemo rubutu mai kauri irin na Mama, na zagaye da layi biyu, na ja siririn farin layi daga sama har ƙasa. Na yi ta matsar da shi, ina ƙara masa kauri ina ragewa, har ni kaina na kasa bambance ta da ta asali. Na manna na shiga wurin Baba.

Ya karanta. Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro gilashinsa na aiki. Mutumin da ya manta sunana bai manta aljihun da gilashin nan yake ba. Ya matso ya daɗe a kan kifin.

"An yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma wannan layin zana shi aka yi. Nata karcewa ne, bakinsa ba ya miƙewa haka."

Ya ɓare ta daga rigata a hankali don kada ya ja mini zare, ya ninke ta biyu, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce in mayar wa wanda ya sayar mini, cutata aka yi.

Marigayiya ta rasu ta bar abokiyar zamanta, tsohuwar kwamfuta, wadda har yanzu in an kunna ta sai ta yi ta neman ta tana cewa ba a haɗa firinta ba. Ta bar wayoyi biyu da rabin naɗin takarda da ba a taɓa ba. Ta bar 'ya'ya masu yawa a ƙofofi da durowoyi da gwangwanaye, manyansu sun fara furfura, na kusa da taga har sun soma ɓacewa. Ta bar jikoki a gidajen tsofaffin masu sayen sabulun Mama, waɗanda ba mu san adadinsu ba. Ta bar wani dattijo da ke karkata kunne wajen ɗakin baya kowace safiya. Ta kuma bar ni.

'Yan sitikun da na samu na tara, na yi ta cancana su, yau in saka gobe in haƙura, har suka kusa ƙarewa. Jiya da la'asar ina zaune gaban gawar ina kuka, ba komai a ƙirjina, sai ga Baba a bakin ƙofa. Ya tsaya ya yi sallama kamar mai shiga ɗakin wasu.

"Baiwar Allah, rashi aka yi miki?"

Na ce e, Baba.

"Ayya. Na kusa ne?"

Na ce ta gida ce, mun daɗe tare.

Ya shigo ya zauna a kujerar Mama, ya yi mini ta'aziyya mai kyau, irin wadda ya saba yi wa mutane, ba gaggawa. Ya ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Ya ce shi ma yana da 'ya kamar ni, autarsa, ita ma akwai saurin kuka. Sannan ya dubi teburin, ya dubi ƙofa, ya ce in ɗan jira matarsa ta zo, ta fi shi iya lallashi, sai dai kwana biyun nan bai ji motsinta ba.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da yamma, bayan Baba ya tashi daga barcin rana. Za a goge ta, a naɗe mata wayoyinta, a lulluɓe ta da zanen aikin Mama, a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora a saman kabad na ɗakin baya. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da suka fara leƙowa, mun gode, ba ta sayarwa ba ce. Za a karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo wata firinta, kada su shafa sitikun ƙofofi da hannu, kada kuma su ɗaga labulen lungun ɗakuna, don rana na rage wa marayun kwana. Kowa ya faɗi ko shi wane ne tun daga bakin ƙofa, ko da Baba ne ya yi masa suna. In ya tambaye ku matarsa, ku ce tana ɗakin baya. In ya tambaye ku wace ce matar nan da ke raba shayi, ku ce masa autarsa ce, wataƙila daga bakinku ya yarda na ɗan lokaci.

Ni za ku same ni a tsaye ba komai a ƙirjina. Sitika ɗaya ce ta rage mai kifi da tabo, tana cikin gwangwanin alluran Mama, a can ƙasan durowa inda haske ba ya kaiwa. Ba zan saka ta ranar Asabar ba. Na ajiye ta ne don ranar da Baba zai kwanta ya kasa tashi, don ya san wadda ke riƙe da hannunsa.